Ciwon Ƙananan Jijiyoyin Zuciya a Jikin Mata da Gwajin Magani da Ƙwayoyin Ɓargo: Darasi Daga Zariya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani nau'in ciwon zuciya wanda ya fi kama mata, wanda kuma sau da yawa yakan kuɓuce wa likita da na'urarsa baki ɗaya, watau ciwon ƙananan jijiyoyin jini na zuciya. Za a duba yadda ciwon yake da dalilin da ya sa gano shi ke da wuya. Sa'an nan a duba wata sabuwar hanyar magani da aka gwada a Amurka, inda akan ɗebo wasu ƙwayoyin halitta waɗanda asalinsu daga ɓargon majiyyaciya suke, a mayar da su cikin zuciyarta. Daga nan sai mu dawo gida Zariya, domin kuwa a nan ne aka yi ɗaya daga cikin mashahuran bincike na duniya a kan zuciyar mata, tun daga shekarar 1969. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, wannan sabon magani yana da alamar alheri, amma bai wuce matakin gwaji ba, kuma aikin da ya fi gaggawa a kanmu shi ne gano matan da ke fama da ciwon da bin sawunsu.

2.0 Yadda Zuciya Take Shan Jini

Kafin mu shiga cikin batun ciwo, ya kamata mu fara da bayanin yadda zuciya ke samun nata abincin. Ko da yake ita ce ke harba jini zuwa ga dukkan sassan jiki, naman zuciya ba ya ƙoshi da jinin da ke wucewa ta cikin ɗakunanta. Tana da jijiyoyinta na musamman, manya guda uku, waɗanda suka kwanta a bayanta, kowace kaurinta bai wuce 'yan milimitoci ba. Waɗannan su ne ke rarrabuwa, suna ƙara sirancewa, har su nutse cikin naman zuciya su zama ƙanana ƙwarai, waɗanda kaurinsu bai kai rabin milimita ba.

Masu lambu a bakin kogin Galma sun san wannan tsari sarai. Akwai babbar hanyar ruwa, akwai kuma 'yan ƙananan hanyoyi da ke kai ruwa fangali-fangali. Babbar hanya tana iya cika maƙil da ruwa, amma in ƙananan sun toshe ko sun ƙi buɗewa, albasa sai ta yi yaushi. Haka abin yake ga zuciya. Ƙananan jijiyoyin nan su ne ke buɗewa ko tsukewa gwargwadon bukata. Ko mutum yana zaune, zuciyarsa tana tsotse wajen kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da ke cikin jinin da ya iso gare ta. Saboda haka idan aiki ya ƙaru, kamar lokacin daka ko ɗaukar tulu ko hawan tudu, ba ta da wata dabara sai ta ƙara yawan jinin da ke shigowa. A lafiyayyen mutum jinin yakan ninka sau uku ko huɗu, ko ma fiye. Wannan ninki shi ne za mu kira "rarar gudun jini" a cikin wannan takarda. Idan ya kasa kai ninki biyu zuwa biyu da rabi, to likitoci sukan ce ƙananan jijiyoyi sun sami matsala.

3.0 Ciwon da Hoto Ba Ya Nunawa

Tun daga shekarar 1958, lokacin da Mason Sones ya gano hanyar ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya a birnin Cleveland, likitoci suka dogara ga wannan hoto. Akan zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har bakin jijiyoyin zuciya, a fesa wani irin rini, a ɗauki hoto. Inda kitse ya toshe hanya sai a gan shi ƙuru-ƙuru. Amma abin lura a nan shi ne, manyan jijiyoyi kaɗai hoton ke nunawa. Ƙananan sun fi ƙarfin idonsa.

A shekarar 1967 William Likoff da abokan aikinsa a birnin Philadelphia suka ba da labarin mata 15 masu ciwon ƙirji irin na zuciya, waɗanda hotonsu ya fito tas, ba toshewa ko kaɗan. A 1973 Harvey Kemp ya laƙaba wa abin suna da harafin X, watau abin da ba a san kansa ba. Sai a 1988 Richard Cannon da Stephen Epstein suka ba shi sunan da ke danganta shi da ƙananan jijiyoyi. A tsakanin waɗannan shekaru, da ma bayansu, an sallami mata masu yawa daga asibiti da cewa lafiyarsu ƙalau, damuwa ce kawai ko ciwon ciki.

Binciken da ya sauya wannan tunani shi ne wanda ake kira WISE, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara a 1996 ƙarƙashin jagorancin Noel Bairey Merz. An tara mata 936 waɗanda aka aika ɗaukar hoto saboda ciwon ƙirji. Kusan kashi biyu cikin ukunsu ba a sami wata babbar toshewa a jijiyoyinsu ba. Da aka auna rarar gudun jini a wani rukuni daga cikinsu, sai aka tarar wajen rabinsu ƙananan jijiyoyinsu ba sa buɗewa yadda ya kamata. Daɗin daɗawa, da aka bi su shekara da shekaru, sai ta bayyana cewa waɗanda rararsu ta yi ƙasa sun fi sauran gamuwa da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya, har da mutuwa. Ke nan hoto mai kyau bai zama shaidar lafiya ba.

Alamomin ciwon su ma suna da ruɗarwa. Maimakon matsewar ƙirji da aka saba ji daga bakin maza, mace takan yi kukan haki, ko kasala mai tsanani, ko zafi a baya da kafaɗa da muƙamuƙi, kuma ciwon yana iya tasowa tana zaune. Abubuwan da ke share masa hanya sun haɗa da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da shan taba da ɗaukewar haila. Haka kuma macen da ta taɓa yin hawan jini na masu juna biyu tana cikin haɗarin ciwon zuciya a gaba fiye da wadda ba ta yi ba.

Game da magani kuwa, har yanzu da sauran aiki. Wani gwaji mai suna CorMicA da aka yi a Glasgow da majiyyata 151, aka buga a 2018, ya nuna cewa idan aka auna ƙananan jijiyoyi aka zaɓi magani bisa ga sakamakon awon, ciwon ƙirji yakan ragu. Amma babban gwajin WARRIOR na Amurka, wanda ya ƙunshi mata fiye da 2,400 aka kuma bayyana sakamakonsa a 2025, bai nuna cewa tsananta magungunan da aka saba da su ya fi kulawa ta yau da kullum hana manyan masifu ba. Wannan giɓi shi ne ya sa ake neman wata mafita.

4.0 Magani da Ƙwayoyin Ɓargo

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi na asali waɗanda daga gare su jini ke samuwa. Akan gane su da wata alama da ke jikin fatarsu, wadda masana suka sa wa suna CD34. A shekarar 1997 Takayuki Asahara, yana aiki tare da Jeffrey Isner a birnin Boston, ya ba da rahoton cewa ƙwayoyi masu wannan alama suna taimakawa wajen tsirar sababbin ƙananan jijiyoyi a naman da jini ya yi wa ƙaranci. A yau masana sun fi karkata ga cewa yawancin amfaninsu yana zuwa ne ta hanyar sinadaran da suke fitarwa, waɗanda ke zaburar da jijiyoyin wurin su gyara kansu, su kuma rage kumburi.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, da farko akan yi wa majiyyaciya allurar wani sinadari mai suna G-CSF har kwana biyar, domin ya koro ƙwayoyin daga ɓargo zuwa cikin jini. Sa'an nan a haɗa ta da wata na'ura da ke jan jini, ta tace fararen ƙwayoyi, ta mayar mata da sauran. Daga cikin abin da aka tace sai a tsince masu alamar CD34. Daga ƙarshe a zura bututu a ɗura su cikin jijiyar zuciya sau ɗaya tak. Da yake nata ne aka mayar mata, jiki ba ya ƙin su kamar yadda yakan ƙi ƙodar wani.

An fara gwada wannan hanya ne a kan masu ciwon ƙirji mai taurin kai, waɗanda manyan jijiyoyinsu suka toshe har tiyata ta gagara. A gwajin da Douglas Losordo ya jagoranta, wanda aka buga a 2011, majiyyata 167 ne suka shiga, aka soka musu allurar cikin naman zuciya kai tsaye. Waɗanda suka sami ƙwayoyin, musamman masu ƙaramin awo, sun sami raguwar tashin ciwo fiye da waɗanda aka yi wa allurar da ba kome a cikinta.

Gwajin da ya shafi batunmu kai tsaye shi ne ESCaPE-CMD, wanda Timothy Henry da Bairey Merz da abokan aikinsu suka gudanar a asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles da asibitin Mayo. An bayyana sakamakonsa a 2019, aka buga shi a 2022. Mutum 20 ne suka shiga, 19 daga cikinsu mata. Bayan wata shida, matsakaicin rarar gudun jininsu ya tashi daga 2.08 zuwa 2.68, ciwon ƙirji ya ragu, suka kuma ce sun ji daɗin jikinsu.

Wannan sakamako abin farin ciki ne, amma tilas mu auna shi da ma'aunin ilimi. Na farko, mutum 20 sun yi kaɗan ƙwarai. Na biyu, ba a ware wani rukuni da aka yi wa allurar wofi don kwatantawa ba, kuma kowa ya san abin da aka ba shi. An daɗe da sanin cewa ciwon ƙirji yana daga cikin ciwace-ciwacen da ke lafawa don kawai majiyyaci ya sa rai. Na uku, gwajin FREEDOM, wanda aka shirya musamman don toshe wannan ɓaraka ta hanyar kwatanta rukuni biyu, an dakatar da ɗaukar majiyyata a cikinsa a 2022 tun ba a kai adadin da aka nufa ba. Na huɗu, wannan fage ya taɓa shan kunya. A 2018 Jami'ar Harvard da asibitin Brigham suka nemi a janye takardu 31 na ɗakin binciken Piero Anversa, wanda ya shahara a kan wasu ƙwayoyi dabam da ya ce suna sabunta naman zuciya, saboda an sami ƙage a cikin alƙalumansu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

5.0 Abin da Aka Gano a Zariya

Mai sauraro zai iya tambaya, mene ne haɗin wannan duka da matan Basawa da Samaru da Sabon Gari? Haɗin yana cikin wani ciwo da muka daɗe da sani a ƙasar Hausa, watau gazawar zuciya ta lokacin jego, inda mace kan kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ta kasa kwanciya sosai, 'yan makonni ko watanni bayan haihuwa.

Daga 1969 zuwa 1972, Neil Davidson da Eldryd Parry na sashen likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello suka tara mata fiye da 220 masu wannan ciwo a asibitin jami'ar da ke Zariya, suka buga cikakken rahotonsu a 1978. Sun kiyasta cewa yana kama wajen mace 1 cikin 100 na matan Hausawa da suka haihu a wannan yanki, adadin da ya ninka na Turai da Amurka sau da yawa. Sun lura cewa ya fi yawa a lokacin zafi da damina. Sun kuma danganta shi da al'adun jego, watau wanka da ruwa mai tsananin zafi har kwana arba'in, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce, gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, sai kaya su yi wa zuciya yawa. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka duba wasu matan da na'urar hoton zuciya mai aiki da amon sauti, suka ƙarfafa wannan ra'ayi.

Wani abin da ya bambanta binciken Zariya da sauran shi ne tsawon bibiya. An koma neman waɗannan mata a tsakanin 1993 da 1995, aka buga sakamakon a 1998. Daga cikin mata 227, an tabbatar da rasuwar 75, kuma 55 daga cikinsu ciwon zuciya da jijiyoyin jini ne ya yi ajalinsu, wasu shekaru da yawa bayan sun daina haihuwa. Hawan jini ya bayyana a jikin da yawa daga cikinsu. Masu rahoton da kansu sun faɗa cewa aikin ya dogara ne galibi a kan wata mata 'yar Zariya wadda ta riƙa bin majiyyatan tana kawo labarinsu.

Daga baya ilimi ya ci gaba. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka ba da rahoto a 1992 cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin siliniyam a jininsu, kuma Kamilu Karaye ya sami irin wannan a Kano a 2015. A Sakkwato, binciken da Simeon Isezuo ya buga a 2007 ya sami mace 1 cikin haihuwa 102. Rajistar PEACE, wadda Karaye ya jagoranta aka kuma buga a 2020, ta tara mata 406 daga cibiyoyi 22 a Nijeriya, mafi yawansu daga arewa maso yamma. Abubuwan da ta samu suna tafiya da ciwon su ne rashin ilimin boko da rashin sana'a da rama da hawan jini na masu juna biyu. Ba ta sami dangantaka mai ƙarfi tsakaninsa da al'adun jego ba. A cikin waɗanda aka bibiya, kusan kashi 19 cikin 100 sun rasu a cikin wajen shekara ɗaya da rabi.

To, a nan ne hanyoyin biyu suka haɗu. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta birnin Hannover a Jamus ta nuna, da gwaji a kan ɓeraye, cewa sinadarin furolaktin, wanda ke kawo ruwan nono, yana iya tsagewa ya bar wani ɗan gutsure mai lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. A 2012 masu bincike a Boston suka nuna cewa wani sinadari da mabiyiya ke fitarwa a ƙarshen ciki, wanda kan yi yawa ga masu hawan jinin juna biyu, shi ma yana hana waɗannan jijiyoyi gyara kansu. Ke nan akwai hujja mai ƙarfi cewa ciwon da aka gani a Zariya yana da tushe a ƙananan jijiyoyi.

Amma kada a ɗauka ciwon guda ne. Wanda WISE ta bayyana ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru zuwa sama, kuma galibi ƙarfin bugun zuciyarsu yana nan. Na jego kuwa yana kama mata masu haihuwa, kuma naman zuciyar ne ke raunana. Sakamakon ESCaPE-CMD bai shafi mai jego ba. Maganin da ya fito daga binciken Hannover shi ne buromokiriftin, ƙwaya mai tsayar da furolaktin. A gwajin da Karen Sliwa ta buga a 2010 a Afirka ta Kudu, da mata 20, mace 1 ta rasu cikin 10 da suka sha, 4 kuma cikin 10 da ba su sha ba. Shi ma wannan gwaji ƙarami ne. Bugu da ƙari, maganin yana ƙafar da nono, kuma a gidan da ba halin sayen madarar gwangwani ko samun tsabtataccen ruwa, ceton uwa yana iya zama haɗari ga jariri.

6.0 Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Aikin ƙwayoyin ɓargo ba baƙo ba ne a Nijeriya, domin an yi dashen ɓargo na farko ga mai ciwon sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Duk da haka, maganin da muka bayyana yana bukatar ɗakin zura bututu da na'urar tace jini da ɗakin tsince ƙwayoyi, ga kuma tsada. Har ila yau akwai wani haɗari da ya shafe mu musamman. Allurar G-CSF tana tayar da ciwon sikila mai tsanani, har an sami waɗanda ta yi sanadin rasuwarsu, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Duk wanda zai gwada wannan hanya a nan, tilas ya fara da awon jini.

A ganina, abubuwan da za su fi amfanar macen da ta taso daga Basawa ko Bomo ko Hanwa zuwa asibitin koyarwa na Shika sun fi wannan sauƙi. Na farko, a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da ungozomomi cewa haki da kumburin ƙafa bayan haihuwa ba gajiyar jego ba ce, a aika mace awon zuciya ba tare da jinkiri ba. Na biyu, duk wadda ta yi hawan jini lokacin ciki a rubuta sunanta, a ci gaba da auna ta bayan arba'in, shekara bayan shekara. Na uku, macen da ta manyanta tana kukan ƙirji kada a sallame ta don awon farko bai nuna kome ba. Na huɗu, malaman harshe da likitoci su zauna tare su daidaita kalmomin wannan fanni, domin a bakin Bahaushe "ciwon zuciya" yana iya nufin baƙin ciki, yana kuma iya nufin cutar naman zuciya, kuma wannan harshen damo yana ɓatar da majiyyaci da likita. Na biyar, a faɗakar da jama'a game da masu tallar "maganin ƙwayoyin asali" a kwalba ko a ƙunshi. Abin da aka gwada a Los Angeles rayayyun ƙwayoyi ne na jikin majiyyaciya, ba abin sha ba ne, kuma ko shi ɗin ba a tabbatar da shi ba tukuna.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa zuciyar mace tana iya shan wahala alhali manyan jijiyoyinta a buɗe suke, kuma gwajin ƙwayoyin CD34 ya ba da sakamako mai ƙarfafa gwiwa a kan mutum 20, amma babban gwajin da zai raba gardama bai kammala ba. Mun kuma ga cewa binciken da aka fara a Zariya a 1969 ya kai ga tambayar da ake yi a Hannover da Boston game da ƙananan jijiyoyi. Abin da ya ba wannan bincike daraja shi ne rajista mai kyau da haƙurin bin mata 227 har shekara 25. Wannan aiki ne da jami'o'inmu da asibitocinmu za su iya sabuntawa da abin da ke hannunsu yanzu, kuma ranar da sabon magani ya tabbata, da wannan rajista ce za a san wadda ta cancanci a ba ta.